Yadda Ake Auna wa Ruwa Hanya a Sharaɗa

Ruwan da ya sauka a kan rufin masana'anta a Sharaɗa ba ya zuwa teku. Yakan gangara ta lambatu ya faɗa rafin Salanta, ya shiga kogin Challawa, ya haɗu da kogin Kano a wajen Tamburawa, ya wuce Wudil da Haɗeja. Abin da rana da fadamun Nguru suka rage shi ne kan bi Komadugu Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Na Bompai kuwa arewa yake yi: rafin Getsi ya miƙa shi ga Jakara, Jakara ta kai shi dam ɗin Wasai da ke Minjibir. Kano tana zaune sama da mita 450 bisa doron teku, tsakaninta da Legas tafiyar kusan kilomita dubu ce. Saboda haka idan rediyo ya ce teku na tasowa yana cin garuruwan gaɓa, Bakano yana da uzurin ɗaukar zancen a matsayin labarin wasu mutane can.

Tasowar kuwa gaskiya ce. Daga 1901 zuwa 2018 tekun duniya ya ƙaru da kimanin santimita 20, wato taƙi guda, kuma a yanzu yana ƙara kusan milimita huɗu kowace shekara, saboda ƙanƙarar duwatsu da ta ƙarshen duniya tana narkewa, ruwan teku kuma yana kumbura idan ya ɗumama. Taƙi guda ba ya tsorata kowa a baki. Amma ga garin da bakin lambatunsa yake daidai da fuskar teku, taƙin nan shi ne bambancin ruwan da ke fita da ruwan da ke dawowa cikin ɗaki. Mu ma da kasonmu a ciki, tunda injinan masana'antunmu da sinadaransu ta tashoshin Apapa da Tin Can suke shigowa, kuma 'yan uwanmu ne cike a Idi-Araba da Obalende da zangon Kwatano. Bayan wannan, ilimin da garin gaɓa yake buƙata don ya tsira yana nan a Kano, a hannun mutumin da ba a cika tsayawa a dube shi ba, wato maginin da ke shimfiɗa magudanar ruwa tsakanin manyan rumfunan Sharaɗa da Challawa da Bompai.

Kafin ya taɓa diga, lissafi yake yi. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne cif. A ɗauki rumfar masana'anta mai tsawon mita 50 da faɗin mita 20. Idan aka yi mamakon Agusta mai milimita 50, rufin nan kaɗai zai zubo da lita 50,000, jarka dubu biyu ke nan irin ta 'yan garuwa, kuma yawanci cikin sa'a ɗaya ko biyu. A gona, ƙasa za ta shanye mafi yawansa. A unguwar masana'antu kuwa ba ƙasar da za ta sha: sama kwano, ƙasa kankare da kwalta. Bompai, wadda ita ce babbar yayarsu tun zamanin Turawa, da Sharaɗa da Challawa da suka bunƙasa a shekarun 1970, duk an kafa su ne a bayan gari, da gonaki da fadamu kewaye da su. Yau gari ya cim musu ya wuce. Kududdufan da kakanninmu suka haƙa don ƙasar gini, waɗanda suka riƙa haɗiye ruwan damina, an cike da yawansu an yi gini a kai. Ruwan bai ragu ba, wurin zamansa ne ya ragu. Wanda ya ga yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a watan Agustan 2022 ya jiƙa dilolin atamfa da shadda ya san abin da ake nufi.

Abu na biyu da magini yake yi shi ne yawo. Yakan zagaya filin a ƙafa, a cikin rani, lokacin da ba ɗigon ruwa ko ɗaya, yana karanta sawun da damina ta bari. A jikin katanga akwai layin laka mai launin toka wanda ya nuna iyakar inda ruwa ya kai bara. Sama da shi wani lokaci akwai wani layin da ya dusashe, na wata shekara da ta fi muni, kuma wannan na biyun shi yake nema. Yana duba inda gansakuka ta bushe a gindin bulo, da inda fenti ya kumbura, da inda ledoji da kara suka maƙale a waya duk suna fuskantar waje guda, don su ne ke faɗa masa inda ruwa ya nufa. Inda yashi mai laushi ya kwanta, nan ruwa ya rage gudu. Inda ƙasa ta zaizaye tsakuwa ta fito, nan ya yi ƙarfi. Sannan ya je wurin maigadin da ya fi kowa daɗewa a ƙofar, ya gaishe shi, ya ce, "Baba, a shekarar da ruwa ya fi yawa, ina ya tsaya?" Dattijon ya nuna gwiwarsa ko ya dafa wani wuri a jikin ƙyaure, magini ya sa alli a nan.

Sai a fito da tiyo. Wannan shi ne kayan aikin da ya fi ba ni mamaki a duk cikin buhun magini, don ba shi da batir, ba shi da allura, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Siririn tiyo ne na roba mai haske wanda ake ganin cikinsa, kaurin ƙaramin yatsa, tsawonsa mita goma zuwa ashirin. Hikimarsa ɗaya ce: ruwan da ke cikin mazubi guda, komai lanƙwasar mazubin, fuskarsa a bakin nan da fuskarsa a bakin can tsayinsu ɗaya ne. Ko tsakiyar tiyon ta hau tsibin yashi ta sauka rami ta zagaya kusurwar gini, bakin biyu ba za su saɓa wa juna ba.

Cika shi ma aiki ne. Ba a ɗura masa ruwa daga famfo, don famfo yana turo iska. Ana ɗora bokiti a kan dakali, a tsoma baki ɗaya a ciki, a zuƙi ɗayan har ruwa ya biyo, a bar shi ya yi ta kwarara da kansa har sai ya fito ba kumfa. Wasu kan jefa ɗan shuni a bokitin don idon ruwan ya fito sosai. Daga nan magini ya bi tiyon taƙi-taƙi yana ɗalla shi da yatsa, yana korar duk wata ƙwayar iska da ta maƙale, domin iska guda mai tsawon gaɓar yatsa tana iya karkatar da awo, kuma karkatar ba za ta bayyana ba sai an zuba kankare. Idan ya gama, sai ya haɗa bakin biyu gefe da gefe ya ɗaga su. In ruwan ya tsaya daidai a dukansu, tiyo ya shirya. In ɗaya ya ɗara ɗaya, akwai iska ko lanƙwasa a wani wuri, sai a sake. Ba ya yarda rabin tiyo ya kwanta a inuwa rabi a rana, don ruwan da ya ɗumama yana kumbura ya tashi sama da mai sanyi. Abin da ke ɗaga teku ke nan, a cikin tiyon mita goma.

Yanzu sai a kafa uwar alama. Magini yakan zaɓi abin da ba ya motsi, ginshiƙin kankare ko tsohuwar katanga, ya ja layi da fensir, ya buga ƙusa. Duk awon da za a yi a filin daga wannan layi zai fito. Yaronsa ya toshe bakin tiyo da babban yatsa don kada ruwa ya zube, ya tafi inda aka kafa turke na farko, ya jingina tiyon a jiki, ya ɗage yatsa. Maigida yana riƙe da nasa bakin a kan layi, yana ɗaga shi ko sauke shi a hankali har idon ruwan ya zauna daidai a kan fensir. Ruwan kan yi lilo na ɗan lokaci, sama da ƙasa, kuma nan ne ake gane mai haƙuri. Ba a karanta shi yana motsi. Idan ya tsaya cik, sai ka ji an ce, "Ya zauna. Zana!" Yaro ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da ruwan, ya ja layi a ƙasan ɗan lanƙwasan da ruwa ke yi a cikin tiyo, ba a gefensa da ke ɗan hawa jikin roba ba. Haka za su bi turaku ɗaya bayan ɗaya. In sun gama, akwai wani layi shimfiɗaɗɗe da ido ba ya gani wanda ya ratsa filin gaba ɗaya, kuma daga gare shi ana iya sa tef a auna ƙasa a san tudu da kwari har zuwa rabin santimita. Sau da yawa a nan mai masana'anta kan sha mamaki, don wurin da ya rantse gangare ne sai awo ya nuna tudu ne.

Gwani daga mafita yake fara aiki, wato inda ruwan zai faɗa babban lambatun titi ko rafi, sannan ya biyo baya zuwa gindin indararo. Dalilin a fili yake. Tsayin mafita ba a hannunsa yake ba, shi ya tarar da shi. Idan ya fara daga sama yana haƙa yana gangarawa yadda ya ga dama, zai iya isa bakin titi ya tarar ƙasan lambatunsa ya fi na gwamnati zurfi, ya zama ya gina wa ruwan unguwa hanyar shigowa. Don haka yakan auna ƙasan mafita, ya auna inda ruwa ke kaiwa a cikinta idan ta cika, sannan ya ga nawa ne ya rage masa na gangara, ya raba shi a kan tsawon aikin.

Gangara ita ce zuciyar sana'ar. A ce lambatun mita 60 ne, kuma ana son ya sauka santimita ɗaya a kowace mita biyu. Jimilla santimita 30 ke nan daga kai zuwa mafita. Idan an kafa turke kowace mita biyar, kowane turke zai fi na bayansa sauka da santimita biyu da rabi, faɗin yatsu biyu bai cika ba. A kan irin wannan ɗan bambanci ne dukiyar miliyoyi take tsira ko ta jiƙe. In gangarar ta yi kaɗan, ruwa ya yi nawa, ya sauke yashin da yake ɗauke da shi, lambatu ya cike cikin damina ɗaya, sauro ya samu gida. In ta yi yawa, ruwa ya yi gudu ya kankare ƙasan lambatun, ya isa mafita da ƙarfi ya haƙe gindin katangar maƙwabci. Abin da ake nema shi ne gudun da zai sa ruwa ya wanke hanyarsa da kansa, kimanin taku ɗaya na babban mutum a daƙiƙa guda. Ana ɗaura igiya daga turke zuwa turke a ja ta ta yi tsam, kuma ba a nisanta turakun, don igiya komai ɗaurinta tana yin ciki a tsakiya. Magini yakan yanki sanda guda daidai zurfin da ake so daga igiya zuwa ƙasan rami, ya ba leburori. Mai haƙa ba ya buƙatar sanin lissafi, sandar ta ɗauke masa: ya tsayar da ita a ƙasa, in kanta ya taɓa igiya ya isa, in ya wuce a ƙara haƙa.

Akwai wanda ba ya yin ko ɗaya daga cikin wannan. Ya zo da safe, ya runtse ido ɗaya, ya nuna da haɓa, ya ce a haƙa nan. Aikinsa yakan ƙare da wuri, kuɗinsa ma ya fi sauƙi, kuma a watan Maris ba mai iya bambanta lambatunsa da na gwani. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, don lambatun da aka gina ba awo yana tattaro ruwan da da zai watsu ya tara shi wuri guda. Manyan hukumomi ma sukan faɗa wannan ramin. A watan Oktoban 2003, da kogin Senegal ya cika yana barazana ga birnin Saint-Louis, aka yanke shawarar tsaga siririn tudun yashin da ya raba kogin da teku don ruwa ya samu mafita da sauri. Faɗin tsagar mita huɗu ne kawai. Birnin ya tsira a wannan shekarar, amma teku ya kama bakin tsagar yana ci, har faɗinta ya kai kilomitoci, ruwan gishiri ya shiga gonaki, ƙauyen Doun Baba Dièye ya nutse mutanensa suka tashi.

Idan rami ya kai, sai a daddaɓe ƙasansa, a shimfiɗa siririn kankare don rodi kada ya kwanta a kan turɓaya. Maƙerin rodi ya lanƙwasa ƙarafa su bi siffar lambatun, ƙasa da gefe biyu, ya ɗaure mahaɗarsu da waya. A ƙarƙashinsu ana sa 'yan gutsattsarin kankare don su ɗaga rodin, ya zama kankare ya lulluɓe shi ta kowane gefe da kaurin yatsu biyu ko fiye. Rodin da ya leƙo waje zai yi tsatsa, tsatsa ta kumbura, ta fasa kankaren daga ciki. Kafinta ya kafa katako ya tokare shi. Sannan kwaɓi: buhun siminti ɗaya, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. Magini yakan damƙi yashin ya murza a tafin hannu. In ya bar jan shafi, akwai laka a ciki, kuma laka tana hana siminti kamawa. Ruwan kwaɓi ma da awo, don leburan da ya gaji yakan so ya tsinka shi ya yi sauƙin zubawa, kankare mai ruwa-ruwa kuwa ƙarfinsa yakan ragu sosai. Ana zubawa ana soka sanda ana bubbuga katako don iska ta fita kada a bar ramuka. Bayan an cire katako, aikin bai ƙare ba. Kankare da ruwa yake nuna, ba da rana ba, saboda haka ana rufe shi da tsofaffin buhuna a riƙa jiƙa su safe da yamma aƙalla kwana bakwai, kuma ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai wajen kwana 28. A zafin Afrilu na Kano, wanda ya yi kasalar wannan shayarwa ya zubar da rabin simintin da ya saya.

Akwai ƙananan dabaru da ba a gani sai an leƙa ciki. Gwani ba ya barin ƙasan lambatu a shimfiɗe, yakan ɗan kwarmaɗa tsakiyarsa, don ɗan ruwan da ke gudana a ranakun da ba a yi ruwa ba ya taru wuri guda ya samu ƙarfin tura datti. Ba ya yin kwana mai kaifi, yakan lanƙwasa ta, don a kusurwa ne ruwa ke cin karo ya yi tsalle ya fito. A jikin bango yana barin 'yan ƙofofi da guntayen bututu, da tsakuwa a bayansu, saboda ƙasar da ta sha ruwa tana tura bango da nauyin da zai iya kayar da shi ciki, ƙofofin nan su ke sauke mata numfashi. Kafin kwalbati, wato inda lambatu zai ratsa ƙarƙashin hanya, yakan zurfafa wani ɗan akwati ƙasa da sauran. Ruwa in ya iso nan sai ya lafa, yashi ya zauna a akwatin da shebur ke iya kaiwa, maimakon ya shige cikin bututun da ba mai iya shiga. A gabansa kuma ga tankaɗen rodi a jingine, ba a tsaye ba, don ledojin ruwa da robobi su hau kansa ruwa ya wuce ta ƙasa. Inda tirela za ta taka ana ninka rodi a ƙara kauri, amma murafen a yi su gunduwa-gunduwa da maɗauki, yadda mutum biyu za su iya ɗagawa. Lambatun da aka rufe ruf da kankare ba ƙofa, ranar da ya toshe sai guduma.

A Challawa da Sharaɗa akwai wani sharaɗi da ya fi na ko'ina nauyi, saboda kamfanonin jimar fata da na rini da na roba. Dagwalon majema yana ɗauke da sinadarai masu guba, har da kuromiyam da ake jeme fata da shi, kuma tururinsa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai yana cin kankare da ƙarfe. Magini mai amana ba ya yarda hanyar ruwan sama ta haɗu da hanyar dagwalo. Kowanne da nasa layin, kuma bakin tafkin dagwalo a ɗaga shi sama da layin allin nan na shekarar da ta fi muni. In ba haka ba, dare ɗaya na mamako ya isa ya kwashe abin da ke tafkin ya kai shi Salanta da Challawa, inda masu lambu ke ban ruwa, kuma a kusa da inda Kano ke ɗiban ruwan shanta a Challawa da Tamburawa. A nan ni ba na ganin awon magini a matsayin gwaninta kawai. Haƙƙin mutanen Panshekara da Kumbotso da duk wanda zai ci latas ɗin bakin kogin yana rataye a kan santimitocinsa.

A mafita ne aikin Kano da na bakin teku suke haɗuwa sosai. Masana'antar da ke kusa da kogi tana da matsala irin ta Legas: akwai ranar da kogin zai cika ya fi bakin lambatu tsayi, kamar yadda teku ke cika sau biyu a kowace rana. Maganinta wata ƙofar ƙarfe ce da ake rataya a bakin bututu da maɗauri a sama, tana buɗewa waje kawai. Ruwan ciki in ya turo, ta ɗaga ya fita. Na waje in ya taso, nauyinsa ya danne ta ta rufe. Amma muddin tana rufe ruwan ciki ba shi da wurin zuwa, saboda haka sai an tanadar masa tafkin jira ko injin zuƙa. Ƙasar Holan, wadda kusan kashi ɗaya cikin huɗu nata yake ƙasa da fuskar teku, da waɗannan abubuwa uku take rayuwa: jinga, ƙofa da injin zuƙa. Bayan ambaliyar 1953 da ta kashe mutum sama da 1,800 a can, suka shafe shekaru arba'in da 'yan kai suna gina madatsu da ƙofofin teku. Daga baya kuma suka gane ɗaga jinga kaɗai ba ya isa, suka koma suna ja da ita baya a wasu wurare don kogi ya samu filin malala, wato suka mayar masa da abin da mu muke ƙwace wa kududdufanmu. Legas ta zaɓi bango: dogon shingen duwatsu da manyan curin kankare masu nauyin tan biyar-biyar a gaban Eko Atlantic, inda a da teku ke tsallako Bar Beach ya hau titin Ahmadu Bello. Ayetoro ta jihar Ondo, garin da aka kafa a 1947, ba ta samu irin wannan ba, kuma teku ya cinye babban ɓangarenta. Jakarta kuwa matsalarta biyu ce, teku na hawa ƙasa na sauka, saboda yawan zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa da rijiyoyin burtsatse, har Indunusiya ta fara gina sabon babban birni. A duk waɗannan wurare tambayar farko ita ce wadda magini ya yi wa maigadi, sai dai su dole su ƙara wani abu a kan amsar, don layin da ruwa ya kai bara ba nan zai tsaya ba bayan shekara talatin.

Mu ma ya kamata mu ƙara. Iska mai zafi ta fi ɗaukar danshi, kuma in ta sauke shi takan sauke da yawa lokaci guda. Fashewar dam ɗin Bagauda a Agustan 1988 da ta Alau a Maiduguri a Satumban 2024 sun nuna cewa nisa da teku ba kariya ba ce. Shi ya sa magini mai hangen nesa, in za a yi sabuwar rumfa, yakan sa a ɗaga daɓenta sama da tsohon layin ruwa da kamar ƙafa ɗaya ko biyu. Ana cika ta da jar ƙasa hawa-hawa, kowane hawa kaurin taƙi bai cika ba, a yayyafa ruwa a daddaɓe kafin a ƙara wani. Wanda ya juye tifa guda ya baje ya zuba kankare, daɓensa zai zauna ya tsage. Janareta da akwatin wuta da injina masu tsada a ɗora su a kan dandamali, buhunan kaya a kan katako nesa da bango. Tun ran gini ran zane: ƙara taƙi biyu a lokacin fandisho kuɗin 'yan tifofin ƙasa ne, ɗaga injin da aka riga aka dasa kuwa aikin makonni ne.

Lambatu kuma ba a gama shi. Kowace shekara kafin ruwan farko, a Afrilu ko farkon Mayu, ana ɗaga murafe a yashe. Masu yasa daga mafita su ma suke farawa, don ruwan da ya kwanta ya samu hanyar tsiyayewa su yi aiki a busasshe. Abin da aka kwaso a loda shi a baro a kai shi nesa a ranar. Kowa ya san tsibin baƙar laka da akan jera a bakin lambatu a bar shi yana jiran motar da ba ta zuwa, har ruwan farko ya mayar da shi inda aka ɗebo shi. Wahala ɗaya aka sha da wanda ya kwashe, sai dai an ƙi ƙarasa ta.

Idan duk da haka ruwa ya fi ƙarfin lambatu, saura buhun yashi, kuma buhunan roba da ake saƙawa a masana'antun Kano su ne irin waɗanda mutanen Auyo da Haɗeja ke ɗaure jingarsu da su duk damina. Shi ma yana da ƙa'ida. Ba a cika buhu taf, rabi ko kashi biyu cikin uku ake zubawa, don cikakken buhu yana yin ƙwallo ya bar ƙofa tsakaninsa da ɗan uwansa. Ba a ɗaure bakinsa, ana naɗe shi ne a ƙarƙashi, nauyin yashin ya danne shi. Ana share ƙasa a cire tsakuwa, a jera sahun farko kowane buhu ya ɗan hau kan na gabansa, a tattake shi da ƙafa har ya baje. Sahu na biyu ya hau kan mahaɗar na farko, yadda ake saɓa bulo. In tsayin zai wuce sahu uku, gindin ya yi faɗin tsayin sau uku, yana tsukewa zuwa sama, in ba haka ba ruwa zai ture shi gaba ɗaya. A gefen da ruwa yake a shimfiɗa leda mai kauri, a danne ƙasanta da samanta da wasu buhunan. Kafin a tafi a leƙa duk wani bututu da ya ratsa ƙarƙashin jingar a toshe shi, don ta nan ruwa kan ɓullo a bayan mutane suna kallon gaba. Damina na wucewa a kwashe buhunan a juye yashin wuri guda a rufe, saboda rana tana ruɓar da robar cikin 'yan watanni, kuma in an bar su suka fashe a bakin ƙofa, yashin cikin lambatun zai gangara.